Gashin Kansa Kafin Tiyata da Warkewar Mahaɗar Hanji

Mahaɗar hanji ita ce wurin da likitan tiyata yake haɗe bakunan hanji biyu bayan ya yanke ɓangaren da kansa ta kama. Idan kansar tana can ƙasa ne, a hanjin dubura, wato santimita 12 zuwa 15 na ƙarshen babban hanji, sau da yawa akan fara yi wa majinyaci gashi kafin a shiga da shi tiyata. Gashi shi ne haska wurin ciwon da haske mai ƙarfi daga na'ura, domin a kashe ƙwayoyin kansa ko a rage girman ƙarin. Amfaninsa ba abin musu ba ne, domin yana rage dawowar ciwon a ramin ƙugu da kusan rabi. Sai dai hasken ba ya ware nama mai ciwo daga lafiyayye, kuma wani sashe na naman da ya sha gashin shi ne za a ɗinke daga baya, a jira ya kama. Tun shekarun 1990 likitoci suke auna ko gashin yana hana wannan ɗinki warkewa. Abin da ya fito fili shi ne, tasirinsa bai cika bayyana a makon farko ba; yana bayyana ne a watannin da ke biye, musamman idan mahaɗar ta riga ta ɓalle.

Kansar sauran babban hanji, wanda yake sama a cikin ciki, ba kasafai ake gasa ta ba. Hanjin wurin ba ya zama wuri ɗaya, ga kuma ƙaramin hanji kewaye da shi, wanda ba ya jure haske. Saboda haka maganar kusan duk ta hanjin dubura ce.

Yadda aka zo nan

A 1908 likitan Ingila Ernest Miles ya bayyana aikin da ake cire hanjin dubura da duburar baki ɗaya, a buɗe wa majinyaci ƙofar bahaya ta dindindin a jikin cikinsa. A wannan aiki babu mahaɗa, balle a yi fargabar ɓallewarta. A 1948 Claude Dixon na asibitin Mayo a Amurka ya nuna cewa ana iya yanke ciwon, a haɗe hanjin, a bar mutum da duburarsa. Daga baya na'urar ɗinki mai zagaye, mai danna ƙananan ƙusoshin ƙarfe, ta ba da damar yin mahaɗa can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa, kuma a 1980 Knight da Griffen suka fito da dabarar danna ƙusoshin sau biyu da ake amfani da ita har yau. A 1982 Bill Heald na Basingstoke ya koyar da cire hanjin tare da dukan kitsen da ya lulluɓe shi, ba tare da an fasa fatar da ta naɗe kitsen ba. Wannan ya rage dawowar kansa ƙwarai, amma ya tura mahaɗa ƙasa sosai, dab da dubura, inda ta fi saurin yoyo.

Gashin kuwa iri biyu ne. Gajere, wanda Suwidin ta shahara da shi, ana ba da gire 5 kullum har kwana biyar, jimla 25. Gire shi ne ma'aunin hasken da nama ya sha. Dogon kuma ana ba da gire 1.8 a kullum na mako biyar zuwa shida, jimla 45 zuwa 50.4, tare da maganin kansa na ƙwaya ko na ƙarin ruwa. Akan yi wa majinyaci 'yan ɗige-ɗige a fatar ƙugu domin a riƙa daidaita shi wuri ɗaya kowace rana, kuma akan ce ya sha ruwa ya riƙe fitsari kafin ya kwanta, saboda cikakkiyar mafitsara tana ture ƙaramin hanji sama, ta fitar da shi daga hanyar hasken.

Yadda mahaɗa take kamawa

Bangon hanji hawa-hawa ne. Wanda yake riƙe ɗinki shi ne siririn hawan da ke ƙarƙashin fatar ciki mai santsi, domin nan ne sinadarin kolajin ya fi yawa. William Halsted ya nuna haka tun 1887. A kwana uku zuwa huɗu na farko wurin yana kumburi ne kawai: fararen ƙwayoyin jini suna taruwa, wasu sinadarai suna narkar da tsohon kolajin da ke bakin yankan. A wannan lokaci mahaɗar ba ta da ƙarfin kanta, zare ko ƙusoshi ne kaɗai suke riƙe da ita. Daga nan sai ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su shigo, sababbin ƙananan hanyoyin jini su tsiro, ƙarfi ya riƙa ƙaruwa cikin sauri a mako na biyu. Gyaruwar tabon tana ci gaba har watanni.

Abin da wannan aiki yake bukata ba shi da yawa: jini ya isa bakunan biyu, kada hanjin ya kasance a ɗame, kuma jikin majinyaci ya samu abin gini. Mahaɗar da take can ƙasa tana da ƙarin nakasu, domin ƙarshen hanjin dubura ba shi da fatar waje mai saurin mannewa wadda sauran hanji yake da ita, sannan bayan an cire kitsen sai a bar wani kogo a gaban ƙashin baya inda jini da ruwa suke iya kwanciya.

Abin da gashi yake yi wa nama

Ɓarnar gashi kashi biyu ce, ta kusa da ta nesa. Ta kusa tana zuwa cikin kwanaki ko makonni: ƙwayoyin fatar cikin hanji, masu saurin hayayyafa, suna mutuwa, wurin ya kumbura ya yi ja, majinyaci ya riƙa zawo da yunƙurin bahaya ba tare da komai ya fito ba. Wannan yakan lafa bayan 'yan makonni. Ta nesa ita ce mai wuyar sha'ani. Hasken yana taɓa fatar cikin ƙananan hanyoyin jini, bangonsu ya yi kauri a hankali, raminsu ya tsuke, wasu su toshe. Ƙwayoyin da ke saƙa kolajin suna raguwa, waɗanda suka saura kuma suna saƙa tabo mai tauri maras tsari. Bayan watanni naman yakan zama fari-fari, mai tauri, mai ƙarancin jini. Ɗinki a irin wannan nama kamar ɗinki ne a yadin da rana ta ci: zaren lafiya lau yake, wurin da zai riƙe ne ba shi da ƙwari.

Akwai wani sauƙi guda da tsarin aikin ya kawo. Bakin sama na mahaɗar, likita yakan jawo shi ne daga babban hanjin da ke gefen hagu na ciki, wanda yawanci hasken bai kai gare shi ba. Bakin ƙasa ne kaɗai, wato guntun da ya rage kusa da dubura, ya sha gashi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa idan baki ɗaya ne aka gasa, mahaɗa takan kama kusan yadda ya kamata, matsalar ta fi yawa idan duka biyun ne. Wannan ne ya sa likitoci da yawa suke ƙin yin amfani da lanƙwasar hanjin da ke kwance a bakin ramin ƙugu, su gwammace su kwance hanjin tun daga kusa da saifa su jawo lafiyayye.

Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji su ma suna da hannu. Ƙungiyar John Alverdy a Jami'ar Chicago ta nuna a kan ɓeraye cewa wasu bakteriya suna fitar da sinadarin da ke cin kolajin a daidai wurin ɗinkin, kuma naman da aka gasa ya fi ba su wannan dama. Binciken dabbobi ne, amma ya ƙarfafa komawar da aka yi ga ba majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta ta baki tare da wankin ciki kafin aiki.

Yoyon mahaɗa

Yoyo shi ne ɓallewar wani sashe na mahaɗar har abin da ke cikin hanji ya fita waje. Yakan nuna kansa tsakanin kwana na biyar da na takwas: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki ya kumbura ya ƙi motsi, ko mugunya ta fito ta robar da aka sa a ƙugu ko ta dubura. A wajen tsofaffi wani lokaci alamar farko ruɗewa ce ko rikicewar bugun zuciya. Tun 2010 ana kasa shi mataki uku. Na farko a hoto kawai ake ganinsa, ba ya bukatar a yi komai. Na biyu yana bukatar magani ko zuƙe mugunya. Na uku sai an sake buɗe ciki. A mahaɗar ƙasa, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na majinyata suna gamuwa da shi, gwargwadon yadda aka ƙirga. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin sun haɗa da kusancin mahaɗa da dubura, kasancewar majinyaci namiji saboda ƙuntataccen ƙugu, shan taba, ƙiba, rashin abinci mai gina jiki da zubar jini mai yawa a lokacin aiki.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin Suwidin da aka buga a 1997, mai majinyata 1,168, shi ne ya kafa gajeren gashi: dawowar kansa a ƙugu cikin shekara biyar ta sauka daga kashi 27 zuwa 11. Gwajin Holan na 2001, mai majinyata 1,861, ya nuna cewa ko da an yi aikin irin na Heald gashin yana da amfani, domin dawowar ciwon cikin shekara biyu ta kasance kashi 2.4 ga waɗanda aka gasa, 8.2 ga waɗanda ba a gasa ba. Da aka duba yoyo a wannan gwaji, sai aka samu kashi 11 a ɓangaren gashi, 12 a ɗaya ɓangaren. Gwajin Jamus na 2004 ƙarƙashin Rolf Sauer ya kwatanta dogon gashi kafin aiki da bayan aiki, shi ma ya samu 11 da 12. Ya kuma nuna wani abu da ya sauya tsarin magani a duniya: tsukewar mahaɗa ta kasance kashi 4 idan an yi gashin kafin aiki, 12 idan an yi bayansa. Dalilin a fili yake. In an riga an haɗe hanjin, hasken zai daki mahaɗar kanta da bakunanta biyu.

A kan waɗannan alƙaluma ne aka daɗe ana koyar da cewa gashi ba ya ƙara yoyo. Maganar tana da gaskiya, amma ba cikakkiya ba ce. Waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne domin auna dawowar kansa, ba warkewar ɗinki ba. Yoyon da aka ƙirga shi ne wanda ya kwantar da mutum a makonnin farko. Sannan likitan tiyata ya san wanda aka gasa, kuma ya fi saurin yi masa ƙofar bahaya ta wucin gadi, wadda take karkatar da bahaya daga mahaɗar. In bahaya ba ya bi ta wurin, ɓaraka tana iya kasancewa ba wanda ya sani.

Da aka fara neman yoyon da gangan, hoton ya sauya. A gwajin FOWARC na ƙasar Sin, inda aka raba majinyata gida uku, rahoton 2016 ya nuna yoyo kashi 20.2 da 23.6 a rukunai biyun da aka gasa, 8.5 a rukunin da aka ba magani kaɗai. A Holan kuma, wani bincike da aka buga a 2017 ya bi sawun majinyata 998 da aka yi wa aiki a 2011 a asibitoci 71. Cikin kwana 30 an gano yoyo a kashi 13.4, da aka ci gaba da bibiya sai ya kai 20. Kusan rabin waɗannan, kashi 48, ba su warke ba bayan shekara guda. Maganin da aka yi kafin aiki, wanda a Holan ta wancan lokaci kusan duk gashi ne, ya fito a cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin.

Abin da ke saura idan yoyo ya ƙi warkewa shi ne wani rami a bayan mahaɗar, a gaban ƙashin baya, mai tara mugunya yana tsiyayarwa ta dubura wata da watanni. A lafiyayyen nama irin wannan rami yakan cike da sabon nama ya rufe. A naman da aka gasa bangonsa yana da tauri, ba ya lotsawa, jini kuma ba ya isa. Wasu majinyatan suna shekaru da shi, har ya ci hanya zuwa mafitsara, farji ko cinya. A nan ne gashi ya fi barin sawunsa, kuma ƙidayar kwana 30 ba ta ganin wannan.

Tazara tsakanin gashi da aiki

A tsarin asali na gajeren gashi, ana yin aiki cikin mako guda da gamawa, kafin kumburi ya kai ƙololuwa. Gwajin Stockholm na uku, mai majinyata 840, wanda aka buga a 2017, ya gwada jinkirtawa zuwa mako huɗu zuwa takwas. Matsalolin bayan aiki sun sauka daga kashi 53 zuwa 41, ba tare da kansar ta fi dawowa ba. Tun a rahoton farko na gwajin an lura cewa waɗanda aikinsu ya ɗan zarce mako guda, ya faɗo a tsakiya, su ne suka fi shan wahala.

Dogon jira shi ma yana da nasa farashi. Gwajin Faransa na 2016 ya kwatanta mako 7 da mako 11 bayan dogon gashi, ya samu matsaloli kashi 32 a na farko, 44.5 a na biyu, kuma aikin ya fi wuya saboda tabo ya fara kama ƙugu. Tsarin da ya yaɗu bayan 2020, inda ake ba da gashi da dukan maganin kansa kafin tiyata, yana kai tazarar wata huɗu zuwa shida, don haka likitan tiyata na yau ya fi na da cin karo da nama mai tauri.

Matakan kariya

A cikin ɗakin tiyata ana duba abu biyu da zarar an danna na'urar. Na farko, zobba biyu na nama da take yankowa: a ɗora su a kan ƙyalle a tabbatar kowanne ya zagayo ba giɓi. Na biyu, a cika ramin ƙugu da ruwan gishiri, a matse hanjin ta sama, a hura iska ta dubura. In kumfa ta taso, akwai ɓaraka, sai a ƙara ɗinki ko a sake mahaɗar. Wasu asibitoci suna ɗura wani koren rini ta jijiya, su haska da kyamara ta musamman su ga iyakar inda jini yake kaiwa kafin su yanke.

Babban mataki shi ne ƙofar bahaya ta wucin gadi, wadda yawanci ake yi da ƙarshen ƙaramin hanji a gefen dama na ciki. Gwajin da Peter Matthiessen ya jagoranta a Suwidin, mai majinyata 234, wanda aka buga a 2007, ya samu yoyo mai alamu kashi 10.3 ga masu ƙofar, 28 ga marasa ita, kuma komawa tiyata cikin gaggawa ta ragu sosai. Ƙofar ba ta ɗinke ɓaraka. Tana dai hana ta zama annobar da za ta cika ciki da ƙazanta. Akan rufe ta bayan wata biyu zuwa uku, idan hoton da aka ɗauka da ruwan rini ta dubura ya nuna mahaɗa ta kama. A gwajin Holan na 2001 kusan mutum ɗaya cikin biyar ba a taɓa rufe tasa ba. Tana kuma zubar da ruwan jiki da gishiri da yawa, har ta kai ga taɓa ƙoda, abin da ya fi zama haɗari a ƙasa mai zafi da kuma ga mai niyyar azumi.

Bayan aiki ana auna sinadarin kumburi na CRP a jini a kwana na uku zuwa na biyar. In ya sauka, da wuya a ce akwai yoyo. In an gano ramin da wuri, ana iya cusa soso ta dubura a jona shi da abin zuƙa, a riƙa canzawa duk bayan kwana uku ko huɗu har ramin ya tsabtata. Dabarar ta fi ci idan an fara ta kafin bangon ramin ya sandare.

Sauran abin da gashi yake bari

Ko mahaɗa ta warke sarai, aikin hanji ba ya komawa yadda yake. Yawan zuwa bayan gida, kasa riƙewa, da fita kaɗan-kaɗan sau da yawa a jere sun fi tsanani ga wanda aka gasa, domin hasken yana taɓa jijiyoyi da tsokar dubura. Ga waɗanda aka cire wa dubura gaba ɗaya kuwa, illar gashi a kan warkewa ba ta da ja: a gwajin Holan na 2001, matsalar raunin da ke mazaunin duburar ta kasance kashi 29 ga waɗanda aka gasa, 18 ga sauran.

Waɗannan dalilai ne suka sa aka koma zaɓen wanda za a gasa. Hoton MRI yana nuna yadda ƙarin ya kusanci fatar da ta naɗe kitsen, kuma ƙasashe da dama sun daina gasa ƙarin da yake nesa da ita. Gwajin PROSPECT na 2023 ya nuna cewa a wasu majinyata masu matsakaicin haɗari, maganin kansa kaɗai kafin aiki ya wadatar, kusan kashi 9 ne kawai suka bukaci gashi daga baya. Ta ɗaya gefen, Angelita Habr-Gama ta São Paulo a Burazil ta nuna tun 2004 cewa idan ƙarin ya ɓace ƙurmus bayan gashi, ana iya fasa tiyatar a ci gaba da sa ido.

A Nijeriya da Nijar majinyata da yawa suna isa asibiti ne bayan sun daɗe suna shan maganin basir, ƙarin ya girma ya manne, irin wanda gashi ya zama masa dole. Na'urorin kuwa 'yan kaɗan ne: a arewa akwai cibiyoyi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Yamai kuma an buɗe ta farko a 2021. Sau da yawa gashi a wani gari ake yinsa, tiyata a wani, don haka takardar da ke nuna ranar da aka gama gashin da adadin giren da aka bayar tana cikin abin da likitan tiyata yake nema kafin ya sa ranar aiki.